Jama'a ɗaya, gwamnati biyu: abin da iyakar Bune ke koya wa masu nazarin mulki

Wanda ya taso daga Bune, cikin gundumar Gure, ya yi kudu da raƙumi ko da amalanken shanu, ba zai daɗe yana tafiya ba sai ya tsallaka iyaka ya shiga jihar Yobe ta Najeriya. Babu kogi a wurin, babu dutsen da ya tare hanya. Rairayin da ya baro shi zai taras, gorubar ita ce, mutanen kuma suna jin yaren Manga da Hausa da Fulatanci kamar na gida, wataƙila ma a cikinsu akwai surukansa. Amma kuɗi ya sake daga sefa zuwa naira, yaran lakwal suna karatu da Ingilishi maimakon Faransanci, kakin ma'aikata dabam, kuma idan rigimar gona ta taso, ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba iri ɗaya ba ce da ta gida.

Kowa ya san haka a wannan yanki, har an saba, ba a tambayar dalili. To, ya mai karatu, akwai wani fanni na ilmi a jami'a wanda aikinsa ke nan, tambayar dalili. Ana kiransa ilmin kwatanta mulki, reshe ne na kimiyyar siyasa. Mutum yakan shafe shekaru yana koyonsa bayan ya sami digirin farko. Muna so mu bayyana ko mene ne shi, da yadda ake koyonsa, da abin da ya sa ƙasa irin ta Bune ta fi manyan birane dacewa da shi.

Gona biyu, iri ɗaya

Manomi ya riga malamin jami'a sanin wannan dabara. Idan yana son ya gane ko taki na da amfani, sai ya shuka gero iri ɗaya a gonaki biyu masu ƙasa ɗaya, waɗanda ruwa ɗaya ke sauka a kansu, ya zuba wa guda taki, ya bar guda. Da kaka ta yi, dammunan da ya ɗaure su za su ba shi amsa. Da ya shuka gero a jigawa, dawa a fadama, da bai gane kome ba, domin abubuwan da suka bambanta sun yi yawa.

Mai nazarin mulki ba shi da ikon ya ɗauki jama'a ya raba su biyu don ya yi gwaji. Saboda haka sai ya nemi inda tarihi ya riga ya yi rabon. Yakan zaɓi wurare biyu da suka yi kama a harshe da addini da sana'a, amma suka bambanta a tsarin hukuma, ya duba abin da wannan bambanci ya haifar. Wani lokaci kuma yakan juya dabarar: ya ɗauki ƙasashe biyu masu tsari dabam, waɗanda abu ɗaya ya faru a cikinsu, ya nemi abin da suka yi tarayya a kai. Wannan aiki ba sabo ba ne. Fiye da shekara 2300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka da almajiransa sun tattara tsarin mulkin birane 158 don su gwada su da juna.

Yadda aka yi rabon

Kafin zuwan Turawa, Bune tana cikin ƙasar Muniyo, ta kuwa taɓa zama mazaunin sarautar kafin a koma Gure. Muniyo tana bin Barno, kamar yadda Macina, wadda ke hayin iyaka yanzu, take bi. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta Bune da Gure a watan Disamba 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, zamanin Muniyoma Koso. Daga baya, a zamanin Sarki Tanimu, ƙarfin Damagaram ya kai har Muniyo.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Iyakar da ke tsakaninsu da Ingilishi a takarda aka fara shata ta, a Turai, cikin yarjejeniyar 1898, aka gyara ta a 1904 da 1906, domin Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ta ƙasashen biyu, ƙarƙashin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee, ta bi ƙasa tana kafa alamomi. Tsawon iyakar ya kai wajen kilomita 1500. Ba a shawarci Muniyo ba, ba a shawarci Macina ba. Daga nan dangi ɗaya suka shiga hannun masu mulki biyu, kuma da aka sami mulkin kai a 1960, Nijar ranar 3 ga Agusta, Najeriya ranar 1 ga Oktoba, kowace ta gaji tsarin wanda ya mulke ta. Nijar ta zama ƙasa mai gwamnati ɗaya a Yamai, Najeriya ta zama tarayya, wadda jihohinta suka kai 36 a 1996.

Waɗanda suka riga suka gwada

A nan jihar Damagaram an taɓa yin irin wannan bincike. Wani Ba'amurke, William Miles, ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya ji Hausa. Da ya zama masanin siyasa sai ya dawo, ya zaɓi ƙauyuka biyu na Hausawa da ke kusa da juna: Yekuwa a ɓangaren Magarya, da Ƴardaji a ɓangaren Daura. Ya zauna cikinsu, ya yi hira da masu gari da malamai da ƴan kasuwa da talakawa. A 1994 ya fitar da littafi mai suna Hausaland Divided, wato ƙasar Hausa da aka raba. Ya nuna cewa shekaru da dama bayan tafiyar Turawa, sawunsu bai goge ba. Ingilishi sun bar wa sarakuna kotu da baitulmali da dogarai, suka yi mulki ta hannunsu. Faransawa kuwa sun mai da sarki mai taimaka wa kwamandan, mai tara haraji da ƴan aikin tilas. Wannan bambanci ya bi jikin sarauta da makaranta da yadda talaka ke kallon hukuma a ƙauyukan biyu, ko da yake dukansu Hausawa ne Musulmi, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya.

Tun kafin shi, wani masanin tarihi ɗan Najeriya, Anthony Asiwaju, ya yi haka a kan Yarabawan da aka raba tsakanin Najeriya da Dahome, littafinsa ya fito a 1976.

Amma kada a ɗauka kowane bambanci Bature ne ya kawo shi. A kudancin Afirka akwai ƙabilu biyu, Cewa da Tumbuka, waɗanda iyakar Zambiya da Malawi ta ratsa. Ingilishi ne suka mulki ƙasashen duka biyu. Wani mai bincike, Daniel Posner, ya nuna a 2004 cewa a Malawi ƙabilun nan abokan hamayya ne a siyasa, a Zambiya kuwa suna ɗaukar kansu ƴan uwa. Dalilin da ya gano shi ne lissafin ƙuri'a. A Malawi kowace ƙabila tana da yawan da ɗan siyasa zai iya kafa jam'iyya a kanta, saboda haka akwai riba a raba su. A Zambiya dukansu ƴan kaɗan ne cikin jama'ar ƙasa, sai an haɗa su ake samun ƙuri'a mai auki. Da mai binciken ya tsaya a ƙasa ɗaya, da ya ce gaba ce ta kaka da kakanni. Tsallaka iyaka ne ya nuna masa ba haka ba ne.

Sarauta, gona da haraji

A ce yau wani ɗan Bune ya kai matakin bincike a jami'a. Abin nazari yana bakin ƙofarsa.

Na farko sarauta. A Nijar doka ce ta ƙasa ta tsara ta, ta 1993 da ta Janairu 2015. Masu gari ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi sarkin kanto cikin ƴan gidan sarauta, ministan cikin gida ya tabbatar. Sarki yana cikin tsarin hukuma, yana da ikon sasanta rigimar gona da ta aure da ta gado bisa al'ada, idan sulhu ya gagara a tafi gaban alƙali. A Najeriya kuwa an karɓe kotuna da ƴan doka daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran 1976 ya miƙa mulkin ƙasa ga ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1999 bai ba sarki wani aiki ba, kuma gwamnan jiha ne ke naɗawa. Wato inda Bature ya ɗaukaka sarki, ƴan ƙasa sun rage masa iko, inda ya ƙasƙantar da shi kuma, doka ta ba shi gurbi. Duk da haka a ɓangarorin biyu hukuma ta sha tuɓe sarki. Faransawa sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906, ba a mai da sarautar ga gidanta ba sai 1923. An tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda a 2001, ya koma gadonsa a 2011. An tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu a Maris 2020, wata gwamnatin ta mai da shi a Mayu 2024. Me ya sa tsari biyu dabam ke haifar da abu ɗaya? Wannan tambaya kaɗai ta isa kundin digiri.

Na biyu gona. A ƙasar Gure arzikin mutane yana cikin kwaruruka, inda ake samun dabino da rogo da kanwa da ruwan dabbobi, ga shi kuma rairayi yana cinye su sannu a hankali. Idan wuri ya ƙuntata, rigima takan yawaita tsakanin manomi da manomi, da tsakanin manomi da makiyayi. Dokar ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta danƙa filaye duka a hannun gwamnan jiha a matsayin amana. Dokar karkara ta Nijar ta Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin filaye. Wani mai bincike ɗan ƙasar Danmak, Christian Lund, ya bi shari'un gona a jihar Damagaram, ya nuna a littafinsa na 1998 cewa jin labarin za a rubuta mallaka ya sa mutane suka tono tsofaffin rigingimu, kowa yana son ya tabbatar da nasa tun kafin alƙalami ya bushe. Dokar da aka yi don kashe rigima ta fara da tayar da ita. Wanda zai gwada kwarin Bune da fadamar Macina, ya ƙidaya rigingimu, ya ga wa ya yanke su, cikin wata nawa, da abin da aka kashe, zai ba masu rubuta doka abin da ba za su samu a ofis ba.

Na uku haraji. A zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin uraniyum ya shigo, an soke harajin kai na gwamnati, aka bar na ƙaramar hukuma, wanda masu gari ke tarawa. A Kano da Kaduna gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali a 1979. Ƙananan hukumomin Najeriya 774, ciki har da 17 na Yobe, suna samun kaso kowane wata daga asusun tarayya, wanda man fetur ne ginshiƙinsa. Na Nijar, waɗanda aka fara zaɓen shugabanninsu a Yuli 2004 su 265, sun fi dogara ga harajin jama'a da na kasuwa da taimakon ƙungiyoyin waje. Masana sun daɗe suna muhawara: shin wanda ke biya daga aljihunsa ya fi tambayar inda kuɗi ya tafi? Ga wurin gwadawa. A shekara ɗaya ma hanyoyin biyu sun rabu a fili: a Afrilu 2024 hukumomin Nijar suka rushe majalisun ƙananan hukumomi suka naɗa kantomomi, a Yuli 2024 kotun ƙoli ta Najeriya ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye zaɓaɓɓu da naɗaɗɗu. Abin da kowace hanya ta jawo wa rijiya da asibiti da ajin makaranta, bincike ne zai nuna, ba gardamar bakin kasuwa ba.

Hanyar karatun

Bayan jarrabawar bak, ɗalibi yakan yi shekara 3 ya sami lisans. Daga nan ake shiga karatun zurfi: shekara 2 na masta, sannan aƙalla shekara 3 na doktora. A masta ake koyon ra'ayoyin masana a kan gwamnati da jam'iyyu da zaɓe da mulkin soja, da dabarun bincike, wato yadda ake tsara tambaya, yadda ake hira, yadda ake karanta ƙididdiga. A ƙarshe ɗalibi ya rubuta ƙaramin kundi. A doktora kuwa dole ya kawo abin da ba a sani ba kafin shi, ƙarƙashin kulawar babban malami, ya kare shi a bainar jama'a gaban alƙalai daga jami'o'i dabam-dabam.

Jami'ar Yamai ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilmi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A can ake koyar da kimiyyar siyasa tare da shari'a. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Damagaram tana ɗauke da sunan Andre Salifu, ɗan garin, wanda ya rasu a 2022. Shi ne ya rubuta tarihin sarautar Damagaram a ƙarni na 19, aka buga a 1971, shi ne kuma ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. A can ana koyar da labarin ƙasa da nazarin zaman jama'a, fannonin da mai nazarin mulkin karkara ba ya rabuwa da su.

Akwai kuma cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, wadda Farfesa Mahaman Tijani Alu da Jean-Pierre Olivier de Sardan ke cikin waɗanda suka assasa ta. Masu bincikenta sun zaɓi garuruwa a sassan ƙasa, suka yi nazarin masu iko a cikinsu kafin zaɓen 2004, suka riƙa komawa bayansa don ganin abin da ya sake. Littafinsu a kan haka ya fito a 2009. Wannan ma kwatantawa ce, gari da gari cikin ƙasa ɗaya.

Aikin yana da wuya, kada a ɓoye. Takardun zamanin Turawa a warwatse suke: wasu a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa, na ɓangaren Ingilishi kuma a Kaduna. Mai kwatanta Nijar da Najeriya sai ya iya karanta Faransanci da Ingilishi, ya kuma ji yaren mutanen da zai zauna da su. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba, an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta a 2023. Ga kuɗin mota da guzuri, ga iyaye suna jiran ɗansu ya kama aiki. Sa'an nan akwai amana: wanda ya gaya maka sirrin rigimar gidan sarauta ko ta gona, ba ka rubuta sunansa yadda zai cutu.

Ɗan ƙasa yana da abin da baƙo ba shi da shi. Ya san harshe tun daga nono, ya san wane ne ɗan wane, ba ya bukatar tafinta. Amma yana da nasa tarko, domin kowa ya san gidan da ya fito, kuma abin da ido ya saba gani ba ya ba shi mamaki. Maganin wannan tarko shi ne kwatantawar kanta. Sai ya kwana a hayin iyaka ya ga ana yin abu ta wata hanya, sa'an nan zai gane cewa abin da ya ɗauka halitta ce, ashe doka ce wani ya rubuta, wani kuma yana iya gyara ta.

Namu aikin

Mai karatu zai ce, to ni da na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, ko ni da ke zaune a ofishin magajin gari, ina ruwana? Ruwanka yana da yawa. Mai bincike ba ya ƙirƙiro labari, daga hannunka yake samunsa. Littafin haraji na mai gari, takardar sulhun gona, rajistar kasuwa, bayanin zaman majalisa, su ne hatsin da yake niƙawa. Sakataren da ya bar gara ta cinye su ya ƙone rumbun da jikokinsa za su nema. Wanda ya iya rubutu a ƙauye, ya rubuta ranar da aka yi sulhu da sunayen shaidu da iyakar da aka tsayar, ya yi wa shari'a aiki, ya yi wa ilmi.

Idan ɗalibi ya zo da tambayoyinsa, a ba shi wurin zama, a gaya masa gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Ba ɗan leƙen asiri ba ne, ba kuma mai rabon taimako ba ne, kada a ƙara wa talauci gishiri don ana tsammanin buhu zai biyo baya. Ma'aikacin hukuma kuma ya buɗe masa abin da doka ta yarda a buɗe, domin shi ne zai fara cin amfanin sakamakon.

Amma jama'a su ma suna da haƙƙi a kansa. Yawancin littattafan da muka ambata da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta su, a Turai ko Amurka aka buga su, mutanen Yekuwa da na ƙauyukan Damagaram da suka ba da labarin kaɗan ne cikinsu za su iya karantawa. Kundin da aka zartas a Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya kamata duk wanda ya gama bincike a karkara ya dawo ya tara waɗanda suka amsa masa tambayoyi, ya gaya musu abin da ya gano, ya bar musu taƙaitaccen bayani da Hausa ko da Barbarci a ofishin magajin gari da fadar sarki. Idan ya yi kuskure su gyara masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Iyaye kuma, idan Allah ya ba ku yaro ko yarinya mai son tambaya, wanda ya kai jami'a ya ce zai ƙara shekara biyu ko biyar don nazarin yadda ake mulkin ƙasarsu, ku yi haƙuri da shi. Fiye da shekara 110 ke nan da aka kafa alamomin iyaka a kudancin Bune, baƙi sun zo daga nesa sun auna abin da irin wannan iyaka ta haifar. Lokaci ya yi da ƴaƴan Muniyo za su riƙe ma'aunin da hannunsu. Allah ya ba su iko, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya da maƙwabta.